Ɗakin Mayar da Rai

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke rayawa, Shi ke kashewa. Na san haka tun ina yaro a gaban allo, amma akwai ranar da bakina ya manta, kuma labarin wannan ranar zan bayar.

A shekarun da na yi a Tamanrasset ina da ɗan shago a unguwar Gataa El Oued, ina sayar da atamfa da turare da hulunan da ake aiko mini daga Damagaram. Ban yi lekkol ba, wato makarantar boko. Karatun allo na yi, na sauke, na taɓa littattafai kaɗan, ina rubuta ajami, zaman kasuwa kuma ya koya mini Larabcin mutanen garin. Saboda haka duk wanda ciwo ya kai asibiti a cikin mutanenmu, ni ake kira in yi tafinta. Ina jin daɗin kiran, ba zan ɓoye ba.

Ɗiyar ƙanwata tana zaune a wani gidan haya bayan shagona, ita da ƴarta guda, yarinya mai shekara shida. Mijinta yana aikin lambu a garin Silet, sai ya yi mako biyu bai leƙo gida ba. Wata Talata da hantsi yarinyar ta je ɗiban ruwa wajen tankin gidan. Akwai ƙaramin inji da ke tura ruwa sama, wayarsa ta zare, ƙasa kuma a jiƙe. Wutar lantarki ta kama ta. Wani magini da ke aiki a gidan maƙwabta ne ya ture wayar da katako. Ni na ɗauke ta a hannu, wani Buzu mai mota ya kai mu asibiti. Uwar ba ta biyo mu ba, domin ba ta da takardun zama a ƙasar, matan gidan suka riƙe ta suna ce mata ta bari Kawu ya je ya dawo da labari.

Tana numfashi muka isa, sama-sama. Aka shimfiɗa ta a gado, wani likita matashi ya duba ta, sai ya ɗaga murya ya ce wa abokan aikinsa zuciyarta ta tsaya. Na ji shi sarai, ba kalmar da ta ɓace mini. Aka tura ni waje. Kafin ƙofa ta rufe na hango wata mace ta durƙusa a kan gadon tana danna ƙirjin yarinyar da tafin hannu, da ƙarfi, kamar mai kwaɓa gari. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata me ya sa ba za su bar gawa ta huta ba.

A wurinmu idan aka ce zuciya ta tsaya, magana ta ƙare. Na fito da waya na kira matar da ta fi kowa girma a gidan. Na yi sallama, na yi salati, na ce mata daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, a shirya uwar kafin a faɗa mata. Na faɗa a hankali, yadda ake faɗa. Na sha kai irin wannan saƙo, na iya shi.

Ban san tsawon zaman da na yi a kan bencin ba. Ina cikin karatu ƙofa ta buɗe, matar nan da na gani a kan gado ta fito. Ma'aikaciyar jinya ce, Balarabiya daga arewa, gajeriya, za ta yi shekara arba'in, da tabarau rataye a wuya. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta tambayi wanda ya kawo yarinya, na miƙe. Ta ce zuciyar ta ci gaba da bugawa. Na sa ta maimaita, ta maimaita. Ta ce ba a fita daga haɗari ba, ba wanda zai iya cewa komai game da ƙwaƙwalwa sai bayan kwanaki, amma yarinya tana da rai. Sa'an nan ta ja ni ta nuna mini ɗakin da aka mayar da ita. A saman ƙofar an rubuta kalma ɗaya da Larabci, in'ash. Na san ta a littafi, ana faɗarta ga tayar da wanda ya faɗi. Na juya ta a bakina ina neman Hausarta, abin da ya fara zuwa shi na kama.

Lokacin da na sake kira, an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an ɗora ruwan wanka a wuta, maza uku sun tafi maƙabarta da diga da shebur. An yi wa uwar gaisuwa, ta amsa. Na ce a ba ta wayar.

"Ɗiyata, ki yi hamdala. Sun mayar mata da rai. Tana ɗakin mayar da rai."

Ban ji guɗa ba, ban ji kuka ba. Sai numfashinta kawai, da ƙarar wata kwalla da wani ya ajiye a ƙasa can bayanta.

Da la'asar aka kawo uwar asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta fito da kanta ta tarbe ta a bakin ƙofa, ta ce in faɗa mata nan ba ruwan kowa da takardu, uwa ake nema. Ta wanke mata hannu, ta ɗaura mata riga mai igiya ta baya, muka shiga mu uku.

Ɗakin yana da sanyi da haske mai yawa, ba taga. An lulluɓe yarinyar da farin ƙyalle zuwa ƙirji. An rufe mata ido, an manna wani siririn abu a kan fatar idon don kada ya buɗe. Akwai bututu a bakinta, ƙirjinta yana tashi yana sauka daidai da wani inji da ke gefen gado, inji ya hura ta kumbura, inji ya saki ta sauka. Uwar ta tsaya wajen ƙafafu. Ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa tafin ƙafar, ta janye. Sai ta juya ta fita, ba gudu, ta je ƙarshen baranda ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

Ma'aikaciyar ta yi mini bayani, ni kuma na kai. Sanyin jikin da gangan ne, ana hana zazzaɓi ya tashi domin ƙwaƙwalwa ta huta. Barcin magani ne. Idon an rufe shi don kada ya bushe. Na faɗa duka, ban rage ba. Ɗiyar ƙanwata ta saurare ni har na gama, idonta a kan yatsan da ta taɓa ƙafar da shi.

"Kawu, da safe ka ce ta rasu."

Na ce kuskure na yi.

"Da rana ka ce sun mayar mata da rai. Ran wa suka mayar?"

Ta ci gaba da murya a kwance, kamar mai lissafin kayan miya. Ta ce ni na koya mata tun tana ƙarama cewa rai idan ya fita ba mai dawo da shi sai ranar tsayuwa. Na ƴarta ya fita, Kawu ya shaida. To wanda ke cikin jikin nan yanzu daga ina aka samo shi? Ta ce suna shigowa ta ga an fito da wani tsoho a rufe, ana tura shi a gadon ƙarfe. Ta ce asibiti wuri ne da rayuka ke fita kullum, kuma ga inji yana hura iska cikin yarinya, wa ya san abin da yake hurawa.

Na yi mata wa'azi, wanda ya kamata in yi wa kaina da hantsi. Na ce ajali idan ya zo ba ya jinkiri, wanda ya ci gaba da rayuwa ajalinsa bai zo ba ke nan. Zuciya tsoka ce, ta tsaya ta tashi, rai bai je ko'ina ba. Likita bai mayar da komai ba, bakina ne ya yi ɓarna. Ta gyaɗa kai da ladabi, sa'an nan ta tambaye ni da wane baki za ta yarda, na safe, ko na rana, ko na yanzu.

Washegari mijin ya iso daga Silet da ƙurar hanya a jikinsa. Mutum ne marar magana. Ya shiga, ya tsaya, ya ɗora hannu a goshin ƴarsa, ya ji sanyin, ya fito. Matarsa ta ɗaga kai ta dube shi, shi kuma ya kau da ido, wannan kau da idon ya fi duk wa'azina nauyi a wurinta. Daga nan ya tambayi inda aka haƙa kabarin. Mutanen unguwa sun rabu biyu a kansa, wasu na cewa a cike shi nan take don rami a buɗe ba ya zama banza, wasu na cewa a jira a gani. Ya karɓi shebur ya tafi shi kaɗai. Wanda ya hango shi ya ce ya daɗe tsaye a bakin ramin kafin ya fara turawa, ƙaramin rami ne, bai ɗauki lokaci ba.

Kwana biyu uwar tana zuwa da safe, ta zauna a wurin nan na ƙarshen baranda, ta tashi da yamma. Ba ta kuka. Ba ta ambaton sunan yarinyar, sai ta ce "wadda ke ciki". Matan unguwa da suka zo dubiya sun rasa gaisuwar da za su yi mata, ta haƙuri ko ta barka, sai su zauna kusa da ita shiru, su tashi.

Ni nake shiga. Na ga aikin ma'aikaciyar nan da idona, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Bayan kowane ɗan lokaci sai ta juya yarinyar daga gefe zuwa gefe, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta shafa mai a diddige da gwiwar hannu. Ta jiƙa auduga ta goge leɓe da harshe. Ta ɗaga fatar ido ta haska ƙaramar fitila, ta rubuta. Ta wanke ƙunar da wuta ta yi a tafin hannu ta sake ɗaurewa. Duk abin da za ta yi sai ta faɗa wa yarinyar tukuna, da Larabci, zan juya ki, zan taɓa bakinki, ruwa ne kada ki ji tsoro. Na ce mata ai ba ta ji. Ta ce ni da ita ba wanda ya san wannan. Idan ta fito shan shayi kuma sai ta je ƙarshen baranda ta tsuguna kusa da uwar, ta ajiye mata kofi, ba ta ce mata shigo ba ko sau ɗaya.

A rana ta uku ta kira ni gefe. Ta ce za a fara rage maganin barci. Yarinya za ta soma tasowa, za ta tarar da bututu a maƙogwaro da baƙin fuskoki da harshen da ba ta ji. Likitoci kuma suna so su gani ko za ta bi umarni, a ce buɗe ido ta buɗe, a ce matse hannu ta matse, da haka za a san abin da ya rage a ƙwaƙwalwa. Wannan sai da harshenta, kuma ya fi kyau da muryar da ta fi sani. Na faɗa mata gaskiyar abin da ya hana uwar shiga, da kalmar da na faɗa a waya. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, to malam tafinta, mu mun yi aikin hannu, kai ka yi na baki, dubi wanda ya fi wuyar ɗinkewa. Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushi, amma na ji shi.

Sai ta ce tunda ba a barina ciki kowane lokaci, in koya mata kalmomin. Na karɓi biro na rubuta mata a bayan wata takarda, da ajami, don ba ni da wani rubutun. Ta karɓa tana dubawa, sai ta yi dariya, ta ce ai wannan rubutun kakarta ne, harafin fa da ɗigo a ƙasa, irin na Alƙur'anin gidansu. Ta karanta ba tare da na taimake ta ba. Layi huɗu ne: buɗe idonki, matse hannuna, kada ki ji tsoro, da sunan da ake kiran yarinyar a gida. Sai dai harufan da muka ara muka ba su aikin Hausa, ita da aikinsu na Larabci ta san su. Buɗe ya zama buti a bakinta. Matse kuwa ta tsaya a kan harafin mai ɗigo uku, ta ce wannan ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Na gyara mata sau biyu, ta ce ya isa, ta soke takardar a aljihu.

Da azahar na dawo daga salla na tarar an bar ƙofar ɗakin a buɗe kaɗan, abin da ba a saba yi ba. Baranda shiru, zafin rana ya kori masu dubiya. Daga ciki murya tana fitowa, a hankali, tana maimaita layukan nan huɗu. Ni da na rubuta su ma da ƙyar na gane su. Hausa ce, amma kamar wadda aka tono daga ƙasa, kowace kalma tana nan, ba wadda ta zauna daidai. Sunan yarinyar ma ta ja shi inda ba a ja, ta sauke inda ake ɗagawa, ya koma sunan wata da ba mu sani ba. A ƙarƙashin muryar inji yana hurawa yana saki.

Na dubi ƙarshen baranda. Ɗiyar ƙanwata ta ɗago daga bango, ta karkata kunne. Aka sake kiran sunan, a karkace. Ta yamutsa fuska. Aka sake. Sai ta miƙe, ta zo ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu, faɗa mata ba haka ake kiranta ba."

Na leƙa na faɗa. Ma'aikaciyar ba ta juyo ba, ta ce in tambaye ta yadda ake kira. Na tambaya. Uwar ta ƙi faɗa. Ma'aikaciyar ta ɗaga takarda ta sake karantawa, wannan karon ma ya fi lalacewa, kuma har yau ina zaton da gangan ta yi.

An cire abin da aka manna a idon yarinyar. Idanun a buɗe suke rabi, suna kallon wani wuri sama da kanmu, ba su tsaya a kan kowa ba. Na taɓa ganin irin wannan kallo, kuma ba a fuskar masu rai ba. Na matsa na kira ta da kaina, na ce ta matse hannuna. Yatsun suna kwance a tafina kamar ɗanyen ganye. Likitan matashi yana tsaye a gefe da takarda, ya dubi ma'aikaciyar, ita ta dubi ƙofa.

Uwar ta shigo taku biyu. Ba ta sa rigar ba, ba wanda ya ce ta sa. Ba ta kuma kira sunan ba. Ta tsaya nesa da gado, hannuwanta a naɗe cikin mayafi, ta daɗe tana kallon fuskar. Na zaci addu'a za ta yi. Sai na ji ta da muryar tsakar gida, wadda nake jiyowa daga shago kowace safiya.

"Ke. Sau nawa na hana ki zuwa wajen tankin nan babu takalmi?"

Ba abin da ya motsa. Inji ya hura, ya saki, ya sake hurawa. Sa'an nan goshin yarinyar ya tattare. Leɓen ƙasa ya turo gefen bututun, ya soma rawa. Idanun suka sauko daga inda suke, a hankali, suka yi ta nema, suka wuce ni, suka wuce likita, suka tsaya a kan uwar, sai kuma suka kauce gefe da sauri, irin kaucewar yaron da ya san ya yi laifi. Hawaye ya gangaro zuwa kunne. Ba sauti, bututun ya hana.

Likitan ya rubuta wani abu. Ma'aikaciyar ta jawo kwanon ruwa ta zuba wa uwar a hannu, ta ba ta sabulu, ta ɗaura mata rigar ta baya. Sa'an nan ta jiƙa auduga ta miƙa mata, ta nuna leɓen. Ɗiyar ƙanwata ta karɓa. Ta fara taɓa kuncin da bayan hannu tukuna, ta bar hannun a nan, ta daɗe. Sai ta goge leɓen, ta goge hawayen, tana ta mita ƙasa-ƙasa a kan takalmi da taurin kai da wahalar da aka ba mutane. A tsakiyar mitar ne sunan ya fito, daidai, ba ta ma san ta faɗa ba.

Ba a gama ba ranar. An ƙara kwanaki kafin a cire bututun, hannun da ya ƙone bai koma yadda yake ba, maganar ma da jinkiri ta zo. Amma daga wannan azahar uwar ce ke juya ta, ita ke shafa man, ma'aikaciyar tana tsaye tana gyara mata hannu, suna fahimtar juna ba tare da ni ba.

Na fito da waya zan kira gida, don mutane suna jira. Ɗiyar ƙanwata ta gan ni da wutsiyar ido, ta ce in dakata.

"Me za ka ce musu?"

Na ce zan ce yarinya ta dawo.

"Ba ta je ko'ina ba, Kawu. Ka ce ta farka. Kada ka ƙara komai a kai."

Na fita baranda na kira. Na yi sallama, aka amsa, na ce ta farka. Matar da ta ɗauka ta yi shiru tana jiran sauran, don ta san ni da tsawaita magana. Na bar ta tana jira, na kashe wayar.